Hannun Da Baba Ya Miƙo

Tun da na dawo Katsina, duk wanda ya leƙo kantin maganin da nake aiki, da ya gama yi mini gaisuwa sai ya gyara tsayuwa ya ce, wai ta ina ka bi? Har Bala mai shayi, wanda bai taɓa tambayata komai ba ban da ko a sa mini madara, ya tsare ni yana son jin yadda mutum ya tsallaka daga nan zuwa ƙasar Ikara alhali an kulle ko'ina. Nakan ce musu Allah ne ya kai ni, su ce wannan ai sun sani, hanyar suke tambaya. To ga hanyar nan na rubuta sau ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Azumin shekarar korona ne, muna da takwas, Yaya Lawal ya kira ni daga Malikanchi. Shi ne babbanmu, shi ke riƙe da gida da gona. Ya ce jikin Baba ya matsa, ƙafafu sun kumbura, abinci ba ya shiga. Sannan ya ƙara da cewa Baba da bakinsa ya ce a gaya wa Salisu ya zo. Shekara goma sha biyar ina Katsina, Baba bai taɓa aiko mini cewa in zo ba.

Sai na faɗi wani abu game da Baba, in ba haka ba ba za ku gane sauran labarin ba. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe masa gani. Tun daga lokacin, da hannu yake gane 'ya'yansa. Idan ka durƙusa gabansa zai miƙo hannu, ya kama naka, ba zai saki ba har a gama gaisuwa, kuma gaisuwar Baba sai an tambayi kowa har kaji. Ni akwai tabon da langa-langa ya bar mini a gindin babban yatsa tun ina ƙarami. Shi yake lalubawa. Da ya ji shi sai ya yi murmushi ya ce, "Salisu ne."

Akwai kuma abin da ke cina a rai wanda Yaya bai sani ba. Kwana shida kafin wayarsa, wani Alhaji ya shigo kantinmu yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Ni na auna shi, ni na zuba masa ƙwayoyi a tafin hannu. Bayan kwana huɗu muka ji ya rasu, aka ce korona ce. Matata Rabi tana haɗa mini kaya ta ce in tafi, ba ta hana ni ba, amma in tuna Baba yana da ciwon suga, kuma a rediyo kullum masu suga ake cewa ta fi kayarwa. Ta cusa mini takunkumi shida da kwalbar man wanke hannu a aljihu.

Tasha a rufe take, ko kare babu. Wani maƙwabcinmu ya haɗa ni da direban babbar mota da zai kai taki Danja, tun da kayan noma an bar su suna wucewa. Sharaɗinsa ɗaya, in zama karen mota. Ya ba ni wata riga mai warin baƙin mai da tsumma in rataya a kafaɗa. Ni da tumbina da tabarau. A shingen farko, bayan mun fita gari, mai kaki ya leƙo ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi direba ko wannan karen mota ne ko mai motar ne ya ɓad da kama. Ya ce in sauka in sa wa taya waigi ya gani. Na sauka na ɗauki icen na cusa shi ta gefen da bai kamata ba. Dariyar da suka yi ce ta cece mu, suka ɗaga mana sanda. Direba bai sake yi mini magana ba sai da muka wuce Malumfashi.

Mun isa Danja bayan azahar. Nan kowa ya gaya mini kada in kuskura in bi titi zuwa Kudan, domin iyakar Kaduna ba wasa, wanda aka kama ko a mayar da shi ko a ajiye shi sati biyu. Aka nuna mini wani mai babur, Ɗan'azumi, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya san kowace hanyar gona a yankin. Ya ga takunkumina ya ce, Likita, hau, amma ka riƙe ni da kyau. Na ce ba zan riƙe shi ba, ƙarfen baya ya ishe ni. Ya ce to.

Ba mu yi nisa ba na gane dalilinsa. A wata fadama da aka yi wa ban ruwa, tayar baya ta sulɓe, shi ya dafe da ƙafa, ni kuwa na tafi gaba ɗaya cikin taɓo. Kwalbar man wanke hannu ta fashe a aljihuna. Wanda ya san man nan ya san warinsa. Ga ni cikin azumi, da rana tsaka, ina tashin warin barasa. Duk inda muka tsaya sai in ga mutane suna shaƙar iska suna kallon juna, Ɗan'azumi yana rantse musu cewa magani ne.

Iyakar da ake ta ba ni tsoro da ita, ashe wani busasshen rafi ne da giginya ɗaya a bakinsa. Ɗan'azumi ya nuna ta da haɓa ya ce daga nan na shiga Kaduna. Wata tsohuwa muka tarar tana tsallakawa da tulu, gidanta yana wannan jiha, rijiyarta tana waccan. Gaba kaɗan, a bakin wani ƙauye na ƙasar Kudan, 'yan sintiri suka tare mu da gora da na'urar auna zafin jiki. Babbansu ya saita mini ita a goshi kamar mai shirin harbi, ya duba, ya ce lafiyata lau. Ni da nake aiki da irinta kullum na ga ko kunnuwa ba ta yi ba, batirinta ya mutu. Na buɗe baki zan yi magana, Ɗan'azumi ya taka mini ƙafa.

Rana ta yi ƙasa muna cikin ƙasar Makarfi, kusa da Nasarawan Doya, taya ta yi faci. Mai faci ya tashi, sai gobe. Muna tura babur muka iso ƙofar wani gida inda aka shimfiɗa tabarmi ana jiran shan ruwa. Mai gidan, Malam Idi, tsoho ne siriri mai sanyin murya. Bai tambaye mu daga ina ba, ya taso da kansa ya miƙo mini hannu. Na ja da baya, na dafa ƙirji, na ce ya yi haƙuri, daga birni nake. Hannun ya ɗan tsaya a iska, sannan ya mayar da shi cikin riga.

A Katsina a lokacin an rufe masallatai, maƙwabci yana hango ka zai tsallaka titi, gaisuwa ta koma ɗaga hannu daga nesa. A nan kuwa kamar labarin bai iso ba. Ya iso, suna da rediyo, amma sun ce ciwon masu hawa jirgi ne. Aka kira salla, aka kawo kunun tsamiya a ƙwarya guda da ludayi guda yana zagayawa daga baki zuwa baki. Aka kawo ƙosai, da kwaɗon zogale, da ragowar mazarƙwailar bana da Malam Idi ya fasa mana da kansa. Na roƙi a zuba mini nawa daban. Aka shiga gida aka nemo wani kofin roba, na koma gindin bishiyar bedi na sha ni kaɗai. Da suka tayar da salla kafaɗa da kafaɗa, na tsaya can baya na yi tawa. Ban taɓa cin ƙosai mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa cin abinci da kunya irin ta ranar ba.

A zaure muka kwana. Da safe, bayan an yi facin taya, Malam Idi ya rako mu bakin hanya. Ɗan'azumi ya riga ya ba shi labarin inda za ni.

Ya ce, "Ɗana, ni ba ka san ni ba, abin da ka yi mini ya wuce. Amma in ka isa gida, kada ka yi wa mahaifinka haka."

Na shiga yi masa bayani, yadda cutar ke bin hannu da numfashi, yadda mutum zai ɗauke ta bai sani ba, yadda take yi wa tsofaffi. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ban ce ƙarya ba ce. Na dai ce kada ka yi masa."

Na hau babur raina a ɓace. A zuciyata na ce tsohon da bai taɓa ganin mai wannan tari ba ne zai koya mini aikina.

Mun tsallaka babban titin Kano zuwa Zariya ta wajen Tashar Yari. Titin da sai ka yi addu'a kafin ka ƙetare shi, ranar awaki ne kwance a tsakiyarsa. Can gaba Ɗan'azumi ya ce iyakar saninsa ke nan, ya damƙa ni ga wani abokinsa. Wannan ya kai ni kusa da Ikara mai ya ƙare masa. Sauran hanyar na yi ta a kan amalanken shanu, zaune bisa takin gida, har Malikanchi. Tafiyar da a da nake yi tsakanin hantsi da la'asar, ta ci mini kwana biyu.

Inna na fara gani a tsakar gida tana tankaɗe. Ta miƙe, na ce ta tsaya daga nan. Yaya Lawal ya fito daga ɗakin Baba ya nufo ni, na ce shi ma ya tsaya. Na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na sa sabon takunkumi, na je bakin ƙofar ɗakin na durƙusa a kan dokin ƙofa. Tsakanina da gadonsa bai fi taku biyar ba. Ya rame ƙwarai, ban da ƙafafun.

Na yi sallama. Ya juyo da fuska wajen ƙofa, ya zaro hannu daga cikin bargo ya miƙo.

Na ce, "Baba, ni ne, Salisu. Ka yi haƙuri, ba zan matso ba tukuna. Na yi mu'amala da mai ciwon nan. Sati biyu kawai, in na tabbata ba ni da komai, zan shigo."

Hannun yana nan a miƙe, yatsun suna ɗan motsi yadda yake yi in yana neman tabon. Na ji Inna a bayana tana cewa a hankali, kai, yaron nan. Na dafe dokin ƙofa da hannu biyu don kada su tafi da kansu. Da ya gaji, ya sauke shi a kan bargo.

Ya ce, "Muryar tasa ce. Amma a waya ma haka nake jin ta."

Na tare a shagon da ke jikin zaure, da kwanona da butata da tabarmata daban. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa Salisu ya zo daga birni ya ƙi taɓa ubansa. Masu sauƙin baki suka ce boko ne ya yi masa yawa. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Takan ajiye mini abinci a bakin shago ta juya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk mai zuwa dubiya, daga mai fartanya a kafaɗa har mai dawowa daga kasuwa, kai tsaye yake shiga ya kama hannun Baba. Na yi magana har na gaji. Yaya ya ce shi ba zai tsaya a ƙofa ya kori abokan Baba na shekara sittin ba.

Safe da yamma nakan je in zauna a dokin ƙofa mu yi hira. Yakan tambayi Rabi da yara, ya tambayi ko an yi ruwa a Katsina. Kullum na yi sallama sai ya miƙo hannu, ko mantuwa yake yi ko gwada ni yake, ban sani ba. A rana ta huɗu na yi sallama, ya amsa, hannun bai fito daga bargo ba. Na koma shago na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

A kwana na shida a gida, sati biyu suka cika cif da ranar da Alhajin nan ya yi tari a gabana. Ko atishawa ban yi ba. Yaya Lawal, wanda na riga na gaya wa komai, ya same ni a shago ya ce to ai kwanakin sun cika, in tashi mu shiga. Na ce a'a. Na lissafa masa direba, da mai kaki, da masu babur biyu, da zauren da muka kwana mu bakwai, na ce wa ya san abin da na kwaso a hanya. Dole in fara ƙirga daga ranar da na iso.

Ya ce, "Kai kana ƙirga naka kwanakin, Salisu. Shi wa ke ƙirga masa nasa?"

Na ce masa ni ne na san aikin magani, ba shi ba. Haka na faɗa wa yayana, da wannan bakin.

A rana ta takwas aka yi ruwa mai ƙarfi, na farko da ya jiƙa ƙasa sosai. Washegari da safe na je gaida Baba, ya ce yana jin ƙanshin ƙasa, kada a bar danshin nan ya wuce, a je a yi shuka. Muryarsa ta ɗan yi ƙarfi har na ji daɗi. Na ce saura kwana biyar, Baba. Ya ce Allah ya kai mu. Na bi Yaya gona, yana sara ina jefa masara ina takewa. Ba mu gama kunya ta goma ba muka hango maƙwabcinmu yana tahowa ta cikin gona ba hula a kansa. Yaya ya ajiye sungumi tun kafin mutumin ya iso.

Mu uku muka yi masa wanka, ni da Yaya da liman. Babu wanda ya ce mini in matso, babu wanda ya ce in tsaya. Na cire takunkumin na sa a aljihu. Da aka zo hannun dama, ni na ɗaga shi. Ya yi nauyi, ya yi sanyi. Na wanke shi yatsa bayan yatsa, sannan na kama babban yatsansa na ɗora a kan tabon nawa, na riƙe. Liman ya kau da kai ya ba ni lokaci. Daga baya ya ce a hankali, Malam Salisu, rana tana yi.

Kwana uku muna zaune a ƙofar gida ana ta'aziyya. Mutanen Malikanchi, da na Kurmin Kogi inda dangin Inna suke, da na cikin Ikara da suka sato hanya, duk wanda ya zo ya miƙo hannu, na karɓa. Ban ƙi na kowa ba. Na gaisa da mutanen da ban san sunansu ba, na ci tuwo a kwano ɗaya da su bayan an sha ruwa. Har yau ɗin nan ko ciwon kai ban yi ba.

Ba zan ce muku na san daidai ba. Da na kama hannun nan ranar da na iso, ya rasu bayan kwana tara, da har in mutu ina cewa ni na kashe shi. Wannan nake gaya wa kaina, kuma gaskiya ne. Sai dai gaskiyar ba ta taɓa sa na ji sauƙi ba.

Ana gobe zan taho, bayan Salla, na zauna da Inna a tsakar gida. Na tambaye ta ko Baba ya tafi yana fushi da ni. Ta ce a'a, ba ta ji ya ambace ni da fushi ba ko sau ɗaya. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Can ta ce akwai dai abin da ya faɗa bayan mun tafi gona, ba ta san ko zafin ciwo ba ne. Na ce ta gaya mini.

Ta ce, "Cewa ya yi, har yanzu Salisu bai iso ba?"

Da zan dawo na sa mai babur ya bi da ni ta ƙofar gidan Malam Idi. Yana zaune yana gyaran igiya. Na sauka na durƙusa na miƙa masa hannu biyu. Ya dube ni, ya dubi hannuwan, ya kama su ya riƙe. Ban gaya masa komai ba, bai tambaye ni komai ba. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Sauran hanyar babu abin faɗa a cikinta, rafin nan ya kawo ruwa, mun tuɓe takalma mun tsallaka. Wannan ita ce hanyar da kuke tambaya. Akwai kuma tambaya ta biyu da kusan kowa yake bi da ita, wai na dai same shi da rai ko? Nakan ce e, alhamdu lillahi, na same shi, har kwana tara muka yi. Abin da ban taɓa gaya muku ba shi ne, shi bai same ni ba.